Warin baki ya ƙi tafiya: daga ciki yake fitowa ko daga baki?

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne, shekarata 34. Sau uku nake goge baki a rana, kanumfari kuwa ba ya yankewa a aljihuna, amma warin baki ya ƙi rabuwa da ni. Maiɗakina ce ta daure ta faɗa mini. An ce daga ciki ne, na sha maganin olsa har wata biyu ban ga canji ba. Wani mai kemis ya ba ni Flagyl, abin ya lafa na 'yan kwanaki ya dawo. Ba na karyawa sai wajen azahar, sai dai shayi da goro. Wani lokaci nakan ga jini a buroshi. Me zan ci, me zan bari? Kuma yana warkewa kuwa?

Amsa: Malam, yana warkewa, kuma in sha Allahu naka ba zai ba da wuya ba. Kafin komai, ka gode wa maiɗakinka. Na duba mutanen da suka yi shekara da shekaru da wannan larura, suna magana ana kau da kai, ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya musu. Su kuma ba su sani ba, domin hancin mutum yakan saba da warin jikinsa har ya daina jin sa. Ba ƙaramar ƙauna ce ke sa mace ta faɗa wa mijinta irin wannan magana ba.

Bari mu fara sallamar maganar ciki, don ita ce ta cinye maka kuɗi da wata biyu. Kusan duk wanda ya zauna a kujerata da wannan kuka, da ita yake farawa. Amma a cikin mutum 10 masu warin baki na dindindin, 8 zuwa 9 daga cikin bakin nasu yake tashi. Bututun da abinci ke bi zuwa tumbi ba a buɗe yake zaune ba. A lafe yake kamar tiyon da ba ruwa, ga tsoka a samansa da ƙasansa tana tsuke shi, iskar tumbi ba ta samun hanya sai an yi gyatsa. Numfashi kuwa daga huhu yake fitowa, ya ratsa maƙogwaro da baki, ya kwaso abin da ya tarar a hanya. Ban ce ciki ba ya taɓa jawowa ba, mai ƙwannafi mai tsanani wanda ruwan ciki ke taso masa yakan samu. Amma kai ka sha maganin ba abin da ya sauya.

Wanda ya tona asirin shi ne Flagyl. Maganin nan yana kashe wani rukuni na ƙwayoyin cuta da ba sa son iska, masu ɓuya a lungu. Su ne ke zaune a can bayan harshe, da tsakanin haƙora, da ƙarƙashin dasashi. Abincinsu ragowar nama, da madara, da majina, da jini, da matattun ƙwayoyin fatar baki. Idan suka ci, sai su saki iska mai ɗauke da sinadarin farar wuta, irin wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen ƙwai. Ka sha magani sun ragu, wari ya lafa. Ka gama sha, gidansu na nan yadda yake, suka sake hayayyafa. Don Allah kada ka sake sha saboda wannan. Ba zai raba ka da warin ba, kuma yawan shan irinsa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ya ƙi ci ranar da ake tsananin bukatarsa. Kwatar da ta toshe, yashe ta ake yi. Kanumfari da alewar minti turare ne kawai kake fesa mata.

Yanzu tashi ka ɗauki madubi, ka kunna tocilan ɗin wayarka, ka zaro harshe iya ƙarfinka. Gabansa za ka gan shi ja-ja tas, don kullum yana gugar ganɗa da haƙora. Kai idonka can ciki. Za ka ga wani fari-fari ko rawaya-rawaya ya lulluɓe shi, kamar tsakin koko a gindin kofi. Saman harshe ba sumul yake ba, ƙananan tsiro ne jere kamar gashin darduma, datti na shigewa tsakaninsu ya kwanta inda yawu ba ya wanke shi. Ɗauki cokalin shayi mai tsabta, ka kife shi, ka ɗora bakinsa a can baya, ka jawo gaba a hankali. Bar abin da ya fito ya sha iska kaɗan, sannan ka shinshina. Abin da ka ji shi ne abin da ɗalibanka na layin gaba ke ji. Na san ba daɗi, amma gara ka gani da idonka ka san abokin faɗanka.

Kankare harshe shi ne aikin da ya fi saurin nuna sakamako, kuma shi ne wanda mafi yawan mutane ba su taɓa yi ba. Ana sayar da abin kankare harshe na roba ko na ƙarfe a manyan kantunan magani, in babu cokalin nan ya isa. Ja huɗu zuwa shida daga baya zuwa gaba, kana ɗauraye cokalin bayan kowane ja, safe da dare. Ba da ƙarfi ba, in ka ga jini ka wuce gona da iri. Kwanakin farko za ka ji amai na taso maka. Ka yi shi kafin ka ci komai, ka riƙa fitar da numfashi ta baki lokacin da kake ja, kuma kada ka ce sai ka kai ƙarshe ranar farko. Kullum ka ƙara matsawa kaɗan, cikin mako guda maƙogwaro zai saba. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin ya shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar yana aswaki, bakin aswakin a kan harshensa, har yana yin sauti irin na mai kakarin amai. Mun riƙe aswakin haƙori, na harshen ne ya kuɓuce mana.

Sai tsakanin haƙora. Kowane haƙori fuska biyar gare shi, buroshi uku kawai yake samu sosai. Biyun da ke manne da maƙwabta ba ya shiga. Nan silin kilishi da tsire da naman miya ke maƙalewa su kwana, su wuni, cikin ɗumi da laima. Ka tuna yadda ɗanyen nama ke yi in ya kwana a leda lokacin bazara. Sakace da tsinken tsintsiya, ko ashana, ko allura, babban gutsure kawai yake fitarwa, ya bar dattin da ke manne, sau da yawa ma ya huda dasashi. Ka nemi zaren sakace a kantin magani. Ka yanko kamar kamu ɗaya, ka naɗe a yatsu, ka zura tsakanin haƙora a hankali, ka rungumo gefen haƙori ɗaya ka goga sama da ƙasa har ya ɗan shiga ƙarƙashin dasashi, sannan ka rungumo ɗayan. Sau ɗaya a rana, da dare. Ranar farko ka shinshina zaren bayan kowane gurbi. Za ka tarar wasu wuraren ba komai, wani gurbi ɗaya ko biyu kuwa sai ka kau da kai. Ka riƙe wurin a ranka, shi za ka nuna wa likita.

Jinin da kake gani a buroshi shi ya fi damuna a cikin bayaninka. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Datti mai yauƙi yana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, in ba a cire shi ba cikin 'yan kwanaki sai ya fara daskarewa, har ya zama kamar siminti, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Dasashi ya kumbura, ya saki haƙori, aljihu ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba. Idan ya kai 5 ko 6, ba buroshi ko aswakin da zai kai gindinsa, ga jini na tsattsafowa kullum, wato an kai wa ƙwayoyin cutar nan abinci har gida. Abin da mutane ke yi in sun ga jini shi ne su daina taɓa wurin, alhali wurin ne ya fi bukatar gugar. Ka ci gaba da gogewa a hankali. Idan kumburin sama-sama ne, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai ɗauke.

Wanda ya riga ya daskare kuwa sai an kankare shi a asibiti, shi ne wankin haƙori. Na san abin da ake faɗa a gari, wai wankin haƙori yana buɗe wushirya, yana sa haƙori girgiɗi. Ga abin da ke faruwa: daskararren dattin ya daɗe yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, shi kuma ya cike gurbin da ya ci. Ranar da aka cire shi sai ɓarnar da ya yi ta bayyana, a ɗora wa likita laifi. Barinsa ne ke zubar da haƙori. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jiha da yawa. A zama ɗaya za a duba maka sauran maɓoyar wari: kogon haƙori da abinci ke cushewa a ciki, da turmin ƙarshe da ya fito rabi fata ta rufe rabi. Akwai kuma haƙorin Makka. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina, mai tsabta ƙwarai, farar riga ƙal, aswaki a hannu, 'ya'yansa suka matsa masa ya zo. Bakinsa lafiya lau in ban da haƙorin nan guda da aka sa masa shekaru da suka wuce, gefen haƙorin bai zauna daidai ba. Da muka cire shi, abin da ke ƙarƙashi ya yi baƙi ya ruɓe, warin ya cika ɗakin. Ya yi shiru, can ya ce shekara nawa yana zargin cikinsa. Masu haƙorin roba na cirewa su ma su riƙa cire shi da dare, su wanke, su jiƙa a ruwa mai tsabta.

Game da goge baki sau uku, yawan ba shi ne ba. Sau biyu ya isa in an yi da kyau: minti biyu cur, buroshi mai laushi, a karkata gashinsa ya fuskanci gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, ciki da waje. Mutanenmu sun fi son mai tauri, wai shi ke fitar da datti, alhali dasashi yake ci. Na dare ya fi na safe muhimmanci, bayansa kuma kada a ci komai sai ruwa. Makilin ya kasance mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, za ka ga an rubuta adadinsa wajen 1450 a jikin kwalin na manya. In ka gama ka tofar kawai, kada ka kurkure da ruwa nan take. Buroshi wata uku ake canza shi. Gawayi da toka da gishiri zalla suna kankare farin haƙori su bar shi yana tsami, lemon tsami kuma narkar da shi yake yi. Ka bar su.

Aswaki kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, ko na itacen arak ne ko na darbejiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙarfafa amfani da shi tun 1986. Ga wanda ke yinsa kowace salla, sau biyar ke nan yana motsa yawu yana share datti. Sai dai a yi shi da gyara. A yanke bakin da ya baje kullum ko bayan kwana biyu, a ɗauraye shi, kada ya kwana a aljihu tare da kuɗi da makulli. Kuma saboda gashinsa a miƙe yake da sandar, yana wuyar kaiwa bayan haƙora ta ciki da turamen ƙarshe. Shi ya sa nake ce wa mutane aswaki da rana, buroshi da zare da dare.

Yanzu ga abin da ka tambaya, abinci. A nan maganar yawu ce gaba da komai. Baki na samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu a yini. Shi ke wanke baki, yana ɗauke da iskar da ƙwayoyin nan suka tsana, yana kuma narkar da iskar warin kafin ta tashi. Da mutum ya yi barci sai yawu ya kusan tsayawa, shi ya sa kowa ke tashi da warin baki da safe, sarki da talaka. Abin da ke kunna famfon shi ne tauna. Kai kuwa dubi yininka: ka tashi da busasshen baki, ba ka tauna komai ba sai goro, ka shiga aji ka yi awa huɗu ko biyar kana magana, iska na shiga tana fita tana ƙara busar da shi. Warin safiya kake ɗauke da shi har azahar. Ko da ba abin da za ka canza a cimarka, ka canza wannan: ka karya kafin ka fita, kuma da abin taunawa. Koko zalla zai wuce ne kawai, haɗa shi da ƙosai. Ɗumamen tuwo, burodi da ƙwai, dafaffen dankali, gyaɗa, duk abin da ya samu. Tauna da haɗiya da kansu suna share bayan harshe.

Ka shiga aji da gorar ruwa, ka riƙa kurɓa tsakanin darasi, kana ɗan wasa da shi a baki kafin ka haɗiye. Fitsarinka zai gaya maka ko kana sha isasshe, in ya yi ja ka ƙara. A hunturu abin ya fi tsanani, don sanyi na hana jin ƙishi, hanci na toshewa, mutum ya kwana yana numfashi ta baki. Wasu magunguna ma suna busar da baki, irin su Piriton da ire-irensa na mura, da wasu na hawan jini masu sa fitsari, da wasu na damuwa. Wanda ke shan na hawan jini kada ya daina da kansa, ya gaya wa likitansa.

Shayin mai shayi, da madara da sukari cokali uku, ba laifi ba ne ka sha, amma ka san abin da yake bari. Madara na kwanciya a bayan harshe, ita ce irin abincin da ƙwayoyin nan ke so, sukarin kuma na ciyar da masu huda haƙori. Haka fura da nono. Ba cewa na yi ka bari ba, ka bi su da ruwa ka kurkure sosai. Kindirmo marar sukari ma abinci ne mai kyau, ba na hana kowa. Shayi ba madara, musamman koren shayi irin wanda ake dafawa da na'a-na'a, yana ɗan kwantar da wari na wani lokaci, in ba a cika masa sukari ba.

Goro fa? Ba zan ɓoye maka ba, ba ya taimakonka. Baurinsa na ɗaure baki, garinsa na cushewa tsakanin haƙora da aljihun dasashi, yana rina daskararren datti ya yi ja, kuma yana kashe yunwa, wanda shi ne ya sa kake iya kaiwa azahar ba ka ci ba. In ba za ka iya bari ba, ka mai da shi bayan cin abinci, ka kurkure in ka gama. Ba ka ambaci taba ba, ina fata babu. Sigari da shisha da tabar da ake cusawa a leɓe suna da nasu warin, suna busar da baki, suna lalata dasashi, kuma sigari na ɓoye jinin dasashi har mutum ya zaci lafiya yake.

A maimakon goro da alewa, ka riƙe abin da ake gartsawa mai ruwa: yalo, karas, kokwamba, gwaiba, tufa in da hali. Lemon zaƙi da gwaiba suna da sinadarin bitamin C da dasashi ke bukata. Cingam marar sukari na minti biyar zuwa goma bayan cin abinci yana kawo yawu sosai, in kana jin nauyin a ga malami na tauna cingam, ka yi a ofis. Alewar minti mai sukari kuwa minti kaɗan take rufe wari, ta bar maka sukari a baki. Kanumfari ya fi ta, don mansa na kashe wasu ƙwayoyin cuta, ka ci gaba da riƙe shi don shiga taro. Ka dai san na ɗan lokaci ne, kuma kada ka ɗiga man kanumfari zalla a dasashi, yana ƙona shi.

Tafarnuwa da ɗanyar albasa nasu daban ne, ya kamata a fahimce shi. Idan aka narkar da tafarnuwa, wani sinadarinta na shiga jini, ya je huhu, ya riƙa fitowa da numfashi har da gumi. Yakan kai yini guda, wani lokaci fiye. Ko ka goge baki sau goma ba zai tafi ba, don ba a bakin yake ba. Shi ya sa hadisi ya hana wanda ya ci su kusantar masallaci, Sayyidina Umar kuma ya ce wanda zai ci ya kashe su da dahuwa. Dahuwa tana rage ƙarfinsu ƙwarai. Masu bincike a wata jami'a ta jihar Ohio a Amurka sun gwada, suka ga ɗanyen tufa, da ganyen na'a-na'a, da latas, da madara suna rage warin tafarnuwa in an ci su tare da ita ko nan take bayanta. Saboda haka albasar da ake yankawa a kan tsire da wake da shinkafa, ka bar ta sai daren da ba ka da aji washegari. Daddawa da busasshen kifi da yaji warinsu a baki yake tsayawa, gogewa da kankare harshe na tafiyar da shi. Kuma kada ka ɗauka warin abinci ne ke damunka. Na abinci yana zuwa ya wuce, naka kullum yana nan.

Yunwa mai tsawo ita ma tana da nata wari. Idan jiki ya rasa abinci sai ya koma ƙona kitse, abin da ke fitowa daga nan yana bin numfashi. Masu rage ƙiba da suka yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya suna fama da shi. Mai azumi ya haɗa wannan da bushewar baki, kuma falalar da aka faɗa game da warin bakinsa ba ta hana shi tsabta ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta aswaki ga mai azumi dukan yini. Abin da nake ba da shawara a watan Ramadan: ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur, a rage ɗanyar albasa da tafarnuwa a sahur, a yi zare da buroshi da kankare harshe bayan sahur kafin alfijir, ba kafinsa ba.

Ruwan kurkure baki na kanti mataimaki ne kawai. Mai sinadarin zink yana kama iskar warin kai tsaye. Mai kulohegzidin, irin su Corsodyl, shi ya fi ƙarfi, amma yana rina haƙori da harshe, yana dusashe ɗanɗano, don haka kada ya wuce mako biyu sai da izinin likita, kuma a bar rabin awa tsakaninsa da makilin. Mai giya a ciki ka guje shi, ƙara busar da baki yake yi. In ba kuɗi, rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi yana lallashin kumburarren dasashi.

Saura kason nan ƙarami da ba daga baki yake ba. Ga gwaji mai sauƙi da maiɗakinka za ta taya ka: rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, sannan ka toshe hanci ka fitar ta baki. In ta baki kawai ake ji, to bakin ne ko maƙogwaro. In ta hanci ya fi, a duba hanci da kogunan da ke kewaye da shi, musamman ga mai yawan majina mai kauri da ke gangarawa maƙogwaro. In duka biyun iri ɗaya ne, ana tunanin daga jini ko huhu yake. Wasu kuma a tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro ake samun 'yan ƙananan farare kamar tsakin gero, masu ɗoyi in an murtsuke. Na likitan hanci da maƙogwaro ne, ba na wanzami ba, kuma cire beli ba ya maganin warin baki. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana busar da baki yana ɓata dasashi, don haka in kana yawan fitsari da ƙishi da rama, ka auna sukari. Mai ciwon sukari da numfashinsa ya koma kamar ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ga amai ga galabaita, asibiti za a kai shi a lokacin. Ciwon ƙoda mai nisa yana sa zarnin fitsari a numfashi, na hanta ma yana da nasa, amma waɗannan ba sa zuwa su kaɗai, mai su yana jin jiki.

Tunda kana tare da yara kullum, bari in ɗora maka amanar abu biyu. Yaron da ke wari, ga majina mai ɗoyi ta ƙofar hanci ɗaya kawai, yawanci wani abu ya cusa: ƙwayar wake, dutsen ado, guntun soson katifa. Kada a zaƙulo a gida, a kai asibiti. Na biyun ya fi tsanani. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in bakinsa ya soma wari mai ƙarfi, dasashi na gyambo yana jini, kunci ya fara kumbura, wannan na iya zama cutar noma mai zaizaye fuska. Cikin 'yan kwanaki take huda kunci, kuma mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba ba sa tashi. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman haka. Ka faɗa wa iyaye in an yi taro, ka faɗa wa malaman ƙananan azuzuwa.

Kai kuma, Malam, ka fara yau da dare: zare, buroshi, cokali a harshe. Gobe ka karya kafin ka fita, ka ɗauki ruwa. Bayan mako biyu ka tambayi maiɗakinka, da hantsi ko da la'asar, ba da farkawa daga barci ba. Ko ta ce ya tafi, jinin nan ya wajabta maka ganin likitan haƙori, kada ka bari wata ya ƙare. Ranar da za ka je, ka yi kwana biyu ba tafarnuwa ba ɗanyar albasa, kada ka tauna kanumfari, kada ka kurkure da ruwan kanti, kada ka fesa turare. Mutane kan yi haka don kunya, sai su ɓoye mana abin da suka zo a duba. Ka tafi da sunayen magungunan da ka sha, ka kuma nuna masa gurbin nan da zare ya fi wari.